Ciwon da Ɗaurin Aure Ba Ya Warkarwa

Duk wanda ya taso da karatun littattafan soyayya na Kano ya san wannan likitan. Ana saura kwana uku a ɗaura wa yarinya aure da wanda ba ta so, sai ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, a kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti. Can likita ya fito yana share gumi, ya ja Alhaji gefe ya ce zuciyarta ta kumbura, in ba a ba ta abin da take so ba za a rasa ta. Alhaji ya sauko, a fasa auren, kafin a juya shafi biyu yarinya ta miƙe garau tana zaɓen kayan lefe. Ciwo a irin wannan labari ɗan aiken soyayya ne, shi ake turawa wurin iyaye idan baki ya gaza. Ba raina dabarar nake yi ba. Marubutan da suka cika kasuwa daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, zamanin da ƙungiyar Raina Kama ke tashe kuma In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ke yawo hannu zuwa hannu, yaƙi suke yi da auren dole, kuma gadon asibiti ya yi wa da yawa daga cikinsu aiki.

Ciwon daji ba ya karɓar wannan aike. Marubucin da ya ɗora wa yarinya 'yar shekara 16 sankarar jini ya toshe wa kansa wannan ƙofar, domin ko Alhaji ya amince, ko an kawo sadaki an raba goro da alawa, sakamakon gwajin jini na nan yadda yake. Daga nan ne ake gane wanda ya iya. An ƙwace masa mugun kishiya da azzalumin uba da attajirin da ke neman ƙwace budurwa, an bar shi da yara biyu da lokaci ƙanƙane, aka ce ya riƙe mai karatu har shafin ƙarshe.

Wanda ya fi shahara da wannan aiki a zamaninmu Ba'amurke ne, John Green, da littafinsa The Fault in Our Stars da ya fito a watan Janairun 2012, aka mayar da shi fim a 2014. A unguwa irin Nasarawa GRA, inda 'ya'yan gida ke zuwa makarantun kuɗi kuma Turanci ya zauna a bakinsu, ba abin mamaki ba ne ka same shi a wayar yarinya, ta karanta shi cikin dare bayan an kashe fitila. Waɗanda ba su bi ta Turanci ba sun haɗu da labarin ta hanyar da Kanawa suka fi sabawa da ita, wato Indiya: fim ɗin Dil Bechara na 2020 daga wannan littafi aka ciro shi, kuma ya fito ne makonni kaɗan bayan rasuwar jaruminsa, Sushant Singh Rajput. Dama Indiyawa sun daɗe a wannan fage, tun fim ɗin Anand na 1971, inda Rajesh Khanna ya fito a mai ciwon daji da ya ƙi daina raha.

Green bai zauna a ɗaki ya ƙago asibiti daga kansa ba. Bayan ya gama jami'a ya yi wasu watanni yana aikin rarrashin marasa lafiya da iyayensu a wani asibitin yara a jihar Ohio, ya fito da niyyar rubuta labarinsu, amma ya shafe kusan shekara goma abin yana ƙi masa. A 2009 ya haɗu da wata yarinya, Esther Earl, mai fama da ciwon daji na maƙoshi, suka yi abota har ta rasu a 2010 tana da shekara 16. Ita ya sadaukar wa littafin, ko da yake ya sha nanata cewa ba tarihinta ya rubuta ba. Abin da ake gani a shafukan shi ne mutumin da ya zauna kusa da mai ciwo har ya daina ganin ciwon kaɗai.

Yarinyar labarin, Hazel, tana jan tukunyar iskar numfashi duk inda za ta, saboda cutar ta sauka a huhunta. Saurayin, Augustus, tsohon ɗan ƙwallon kwando ne da sankarar ƙashi ta ci masa ƙafa guda. Marubucin da bai ƙware ba, da ya samu waɗannan biyun sai ya mayar da su waliyyai, kullum cikin haƙuri, kullum suna yi wa masu lafiya wa'azi a kan darajar rayuwa. Green ya ƙi. Hazel tana da tsiwa, tana gundura da taron da ake tara masu ciwo su faɗi damuwarsu, tana ɓata lokaci a kan shirye-shiryen talabijin marasa kan gado. Augustus ɗan burga ne mai son a yabe shi, yana yawo da karan sigari a baki wanda ba ya taɓa kunnawa. Abokinsu Isaac, da za a cire masa idonsa na biyu, abin da ya fi ƙona masa rai shi ne budurwarsa ta gudu ta bar shi, har sai da suka je suka jefe motarta da ƙwai. Mai karatu yana dariya, kuma dariyar nan ce ke ɗaure shi. Tausayi kaɗai ba ya kai mutum shafi na 50, sai ya gaji ya ajiye. Amma yarinyar da ke da abin da take so, take fushi idan an hana ta, dole ka bi ta ka ga ko za ta samu.

Kuma abin da Hazel ke so ba warkewa ba ne, ta riga ta san matsayinta. Akwai wani littafi da take ƙauna wanda ya yanke a tsakiyar jimla, ita kuma so take ta ji abin da ya faru da uwar yarinyar cikinsa bayan 'yar ta tafi. Wannan ne ya kai su har Amsterdam wurin marubucin, suka tarar da mashayi mai baƙar magana. Sai an yi nisa mai karatu ke farga cewa zancen tata uwar take tambaya, ta kai tambayar ƙasar Holan ne don ta kasa yin ta a falon gidansu. A nan nake cire wa Green hula. Ya ɗauki tsoron da ya fi kowane nauyi a zuciyar yaro mai jinya, tsoron abin da mutuwarsa za ta yi wa iyayensa, ya ɓoye shi cikin wata 'yar buƙata da ake iya sayen tikitin jirgi a bi.

Sai kuma juyin da ya yi. Tun shafin farko an shirya ka ka rasa Hazel, sai ga shi Augustus, wanda aka ce ya warke, shi ciwon ya dawo wa. Kuma bai bar shi ya tafi cikin kwalliya ba. Akwai daren da yaron ya saci jiki ya fita shi kaɗai don ya saya wa kansa abu guda da hannunsa, ya maƙale a gidan mai, bututun da ke cikinsa ya ruɓe, ya yi amai a jikinsa, yana kuka yana kiran budurwarsa a waya. Mai son a tuna da shi a matsayin gwarzo, ga inda ya ƙare. Marubuta da yawa sukan kawar da kai a daidai wannan wuri, su tsallaka zuwa farin likkafani da hawaye masu tsabta.

Akwai abubuwa a littafin da ba su da wurin zama a labarin Kano, kuma babu wanda ya ce a kwaso su. Saurayi da budurwa su tafi wata ƙasa su kwana a otal, wannan al'adarsu ce. Abin ɗauka shi ne idon da ya kalli mai ciwo da shi. Kayan aiki kuwa, marubuciyar Kano tana da nata, har ma sun fi nasa yawa.

Ɗauki hanyar da ciwon ke bi kafin a san sunansa. Sankarar ƙashi ta fi kama yara a shekarun da suke tsawo da sauri, kuma ta fi son kusa da gwiwa. Yaro ya faɗi a filin ƙwallo, gwiwa ta kumbura, kowa ya ce targaɗe ne, a kai shi wurin mai ɗori. A ɗaure, a shafa, a kwance, kumburi na ƙaruwa. Sai an yi watanni a dangana da Asibitin Ƙashi na Dala, inda hoto zai nuna abin da ba targaɗe ba. Ta jini kuwa da zazzaɓi take sallama, a sha maganin maleriya, a koma na taifod, a ƙara jini leda ɗaya, leda biyu, jinin na zurarewa, kafin wani likita ya ce a ɗebo ɓargo a duba. A tsakanin nan wata gwaggo ta ce jifa ne, wata ta kawo rubutu, wata ta zo da sunan wani mai magani a ƙauye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin yara da matasa 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji duk shekara, kuma yayin da fiye da kashi 80 cikin 100 ke warkewa a ƙasashe masu arziki, a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba a kai kashi 30 ba. Jinkirin gano cutar na cikin manyan dalilan wannan tazara. Green ya fara labarinsa shekara uku bayan an gano ciwon Hazel, don a can wannan zangon gajere ne. A nan shi kaɗai ya isa littafi na ɗaya.

Gwanar marubuciya takan san taswirar jinya kamar yadda ta san ta biki. Ta san iyalin da ke zaune a Lamido Crescent ko Sultan Road za su fara da Asibitin Nasarawa, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Muhammad Abdullahi Wase, ko wani asibitin kuɗi na kusa, daga nan a tura su Asibitin Malam Aminu Kano a titin Zariya. Ta san shekara da shekaru idan magana ta kai ga gashi da na'ura, asibitin Shika ake nufa, kuma ta san an gina cibiyar masu ciwon daji a Giginyu wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023. Ta san a gidan masu hali za a fara maganar Masar ko Indiya tun kafin a gama karanta sakamako. Ta kuma san inda 'yar shekara 16 ke faɗawa: ta girmi ɗakin yara, ba ta kai matan da ke ɗakin manya ba, sai ta tsinci kanta tsakanin tsofaffi masu hirar jikoki. A Ingila sai da aka kafa ƙungiya musamman saboda wannan giɓi, ta buɗe ɗakin matasa na farko a wani asibitin Landan a 1990.

To a ina yaro da yarinya za su haɗu, alhali ɗakin maza daban, na mata daban, kuma kowanne da mai jinya a gindinsa? Wanda bai san asibiti ba zai ce babu hanya. Wanda ya sani zai ce ta wurin iyaye mata. Masu jinya su ke fara sabawa: a bencin jiran likita, a layin karɓar magani, wurin aron buta da tabarma da cajar waya. Wannan ta ɗanɗana wa waccan kunun da ta dama, waccan ta riƙe wa wannan layi. Kafin wata guda sun zama Maman wane da Maman wance, sun karɓi lambar juna don a riƙa tambayar jiki, kuma wayar a hannun 'ya'yan take kwana. Yaran kuwa gaisuwa kawai aka yarje musu, sai marubuciya ta sa komai a cikinta.

"Sannu, ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Na nawa za ki karɓa yau?"

"Na huɗu."

"Ashe Yaya zan riƙa ce miki. Ni na biyu ne."

Ta ja mayafi ta rufe baki don kada Umma ta ga tana dariya. Babu kalmar so ko ɗaya a nan, amma an ƙulla abin da za a ƙulla, kuma an sanar da mai karatu cewa allurar kashe ƙwayoyin cutar zagaye-zagaye ake yin ta, yawanci da hutun 'yan makonni a tsakani don jiki ya farfaɗo. Wannan hutun shi ne kalandar soyayyarsu. Ba sa cewa sai Juma'a, sai dai su ce sai ranar asibiti. Idan jinin ɗaya ya yi ƙasa aka ɗage masa allura da mako guda, ranakunsu sun saɓa ke nan, kuma wannan ɗan saɓani ya isa ya yi aikin da mugun uba ke yi a tsohon labari.

Sai zancen suma, wanda a ganina nan ne marubuciyar Hausa ke da abin da Green ba shi da shi. A labaran Turawa zubewar gashin kai abu ne na bainar jama'a, kowa na gani a titi. Yarinyar Kano kuwa ɗankwali da hijabi sun rufa mata asiri. Za ta iya zuwa makaranta, ta je Islamiyya, ta zauna gaban saurayi, babu wanda ya sani. Asarar ta koma cikin ɗaki, inda daga ita sai uwarta sai madubi. Ranar da mai kitso ta zo gidan kamar yadda ta saba duk mako biyu, ƙannen suka zauna layi, ita kuma ta shige ɗaki ta ce kanta ke ciwo. Ranar jajibirin Sallah da ake lalle da kitso. Ranar da Umma ta share gashin daga kan matashi ta ƙulle a leda ba ta ce komai ba. Sannan tambayar da ke cin yarinyar: shi da yake cewa yana son ta, wa yake so, ita ko wadda yake zato tana ƙarƙashin mayafin? Shi ma fa hula ce ke rufe nasa kan, kuma ya san amsar, amma kunya ba za ta bar ɗayansu ya fara faɗa ba. Marubuciyar da ta iya za ta ja wannan zare babi biyar ba ta tsinka shi ba.

Haka nan shirun gida. Hazel ta san sunan cutarta da na kowane magani, da ita ake zama a yanke shawara. A nan sau da yawa Abba likita ke kira ofis, Abba ya gaya wa Umma rabi, Umma ta ce wa yarinya ƙarancin jini ne. Ana ɓoyewa don kada ta karaya, ana kuma ɓoyewa don kada magana ta fita unguwa ta taɓa auren yayyenta. Ita kuwa tuni ta ɗauki hoton kwalin magani ta bincika a intanet. Sai gida ya zama kowa na yi wa kowa kara: su suna dariyar dole a gabanta, ita tana cin abincin da ba ta jin ɗanɗanonsa don hankalinsu ya kwanta. Mutum ɗaya ne a duniya da ba sai ta yi masa wannan wasa ba, wato yaron da ke karɓar irin allurarta. Soyayyar ba ta buƙatar wani dalili bayan wannan, kuma mai karatu zai yarda da ita fiye da ta wanda ya hango kyakkyawa a gidan biki.

Kuɗi ma ba a tsallake shi. Balaraba Ramat Yakubu ta nuna hanya tun a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, inda ake bin Rabi ana ganin yadda take ciyar da 'ya'yanta da sana'ar abinci bayan miji ya kore ta. Jinyar daji a ƙasar nan daga aljihu ake yin mafi yawanta. A gidan GRA alamar takan fara a hankali: mota ɗaya ta ɓace daga rumfa, sarƙar Umma ta tafi kasuwar 'yan gwal, a ce wa ƙane ya haƙura da makarantar bana. Idan kuma saurayin daga Brigade ko Gama yake, 'yan mintuna kaɗan a adaidaita sahu daga gidansu yarinyar, to ciwo ɗaya ne amma zagaye na uku na iya gagararsa. Ita ta san haka, shi ya san ta sani, kuma ba zai karɓa daga hannunta ba.

Wurin da aka fi zamewa shi ne addini da ƙarshe. Yaron Kano mai jinya yana salla a zaune, yana jin ana ce masa Allah ya sa kaffara ne, yana amsawa da amin, kuma da gaske yake. Amma yana da daren da yake tambayar me ya sa shi, sannan ya yi istigfari, sannan ya sake tambaya. Mai gwaninta yakan rubuta duka biyun ba tare da ya mayar da yaron malamin tafsiri ko ɗan tawaye ba. Game da ƙarshe kuwa, yau da yawancin labarai ke fita babi-babi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu na kan marubuciya tun labari bai yi rabi ba, suna roƙo, wasu har da barazanar daina biya, a kan kada ta kashe musu yarinya. Ba laifi ba ne ta rayu, ana warkewa daga ciwon daji, musamman in an kama shi da wuri. Sharaɗin shi ne warakar ta biyo ta hanyar da aka shimfiɗa tun farko, da tabonta: ƙafar roba, shekarar karatu da ta wuce, fargabar duk wani zazzaɓi, da maganar haihuwa da dangin miji za su tayar. In kuma rasuwa ce, akwai abin da al'adarmu ta tanadar wa marubuci kyauta. Saurayin da ba a kai kuɗinsa ba ba shi da suna a gidan makoki. Zai zauna a tabarmar ƙofar gida cikin maza, ya miƙa hannu ya yi wa Abba ta'aziyya kamar kowane baƙo, babu mai yi masa.

Abu ɗaya ne gwani ba ya yi ko masu karatu sun taru a kansa: ba ya ƙago maganin da zai tashi yarinya cikin kwana bakwai, ko sassaƙe ne ko wani ruwa daga wata ƙasa. Labarin Hausa ana karanta shi a rediyo, ana tura shi daga waya zuwa waya, yana shiga gidajen da ake jinya ta gaske, inda uwa ke neman duk abin da za ta kama. Green ma ya ƙirƙiri magani guda a littafinsa, wanda ya tsayar wa Hazel cutar ba tare da ya warkar da ita ba, kuma a shafukan godiya na ƙarshe ya fito fili ya shaida wa masu karatu cewa babu wannan magani a duniya, shi ya ƙaga shi.